Yadda muka tankaɗe rairayin Gulbi muka kira baƙi daga ƙetaren iyaka

Mu bakwai ne a kan waya ɗaya ranar, a fadarmu ta unguwar Ɗan Gulbi a Maradi, shayi na biyu yana tafasa a kan gawayi. Watan Mayun 2025 ne, ana wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙwallon rairayi a tsibiran Seshel, karo na farko da aka kawo gasar nahiyar Afirka. Birazil ta doke Belarus da ci 4 da 3. Mu Senegal muke goyon baya, ita kuwa ta tsaya a ta huɗu kamar yadda ta yi a Mosko a 2021, don haka kallo kawai muke yi. Ana tashi daga wasa ƙanena ya karɓi wayar ya buɗe taswira, ya daɗe yana jan ta da yatsa, sannan ya ɗago ya ce, "Yaya, Belarus ɗin nan fa ba su da teku. Kamar mu suke."

Maganar nan ta hana ni barci. Shekara tara ke nan ina koya wa samarin unguwa ƙwallo a kan tsandauri, kuma kusan kullum sai na bi ta bakin Gulbi, inda rairayi yake kwance fiye da rabin shekara, ba mai taɓa shi sai masu amalanke da yara masu kiwo. Ban taɓa haɗa abin biyu a kaina ba, saboda a rediyo ma ƙwallon bakin teku ake ce wa wasan, mu kuwa ina mu ina teku.

Sai na duƙufa bincike a waya, dare bayan dare. Ashe ba ƙasashe kaɗai ke karawa ba, kulob-kulob ma suna da tasu gasar ta ƙasa da ƙasa, Mundialito de Clubes. An fara ta a 2011 a Sao Paulo, kuma ba a bakin teku ba, a gefen madatsar ruwa ta Guarapiranga, inda Vasco da Gama ta ɗauki kofin. Barcelona ta ɗauka a 2015, Braga ta Fotugal a 2019 da 2020, Lokomotiv ta Mosko kuwa har sau uku. Ta 2020 ɗin a cikin rufaffen ɗakin wasa aka yi ta a Mosko, cikin Fabrairu, sanyi yana kaɗawa a waje, 'yan wasa suna gudu ba takalmi a ciki a kan rairayin da aka kwaso aka zuba. Siwizalan ma, wadda duwatsu suka kewaye, ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya a 2009 a Dubai. Da na gama karanta waɗannan sai na ga ba mu da sauran hujja.

Kuɗin jirgi zuwa Fotugal ko Rasha dai ba mu da shi, kuma ba wanda zai gayyace mu. Amma iyaka tana nan kusa da mu. Ka bi hanyar Ɗan Isa, kafin rana ta yi zafi kana Jibiya, kaɗan ka ƙara kana Katsina. Gulbin nan namu ma daga can ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratso ta Jibiya, ya shigo ta wajen Madarunfa, ya wuce Maradi da Tibiri, sannan ya koma Najeriya. Na ce wa 'yan fada mu shirya tamu: ƙungiya huɗu, biyu daga nan, biyu daga can. Tamu da ta Tibiri, sai ta Jibiya da ta Katsina. Kowa ya yarda, muka yanka wa kanmu jika biyar-biyar a wata, muka zauna jiran damina ta wuce.

Da ruwa ya janye, cikin Nuwamba, muka sauka kwari da ƙwallonmu na kullum, muka kafa sanduna huɗu muka fara. A tunaninmu fili yana nan a shirye, Allah ya riga ya shimfiɗa mana. Ba mu yi minti goma ba ƙanena ya yi ƙara ya zauna daɓas, ya riƙe ƙafa da hannu biyu. Gindin fasasshiyar kwalba ne binne a ƙarƙashin rairayi, ya tsarge masa tafin ƙafa daga tsakiya har kusa da diddige. Na cire rigata na ɗaure masa, jini yana ɓulɓulowa ta cikin yadin, muka ɗora shi a kabu-kabu sai likita. Ɗinki bakwai aka yi masa, da allurar tetanus. Da muka dawo gida Inna ba ta yi faɗa ba, kallona kawai ta yi ta ce, "Kai ne babba." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kashegari na koma wurin ni kaɗai da manjagara, na ja taku goma kawai. Abin da ya fito: ƙarangiya, tsidau, ƙusa mai tsatsa, gutsuren gwangwanin tumatir, ƙashi, leda ba iyaka, da wani ɓallin rezar aski. Ruwan damina yana kwaso sharar garuruwa ya binne ta nan, iska ta lulluɓe da farin rairayi, ido ya ga wuri tas.

Kawuna ne ya ce in je in nemi wani dattijo da ya daɗe yana cikin masu gyara wa 'yan kokowa fili. Nan Maradi ba baƙon abu ba ne a yi wasa a kan rairayi ba takalmi, garin Kantu ne, ɗan kokowar da ya fara ɗaukar takobin ƙasa a 1975, kuma sunansa filin kokowarmu yake ɗauke da shi. Na sami Baba a ƙofar gidansa yana gyaran igiya, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Bai ce komai ba sai da muka je wurin tare. Ya tuɓe takalmi, ya yi tafiya a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, yana murza ƙafa. Ya tsuguna ya damƙi rairayi ya matse a hannu, ya buɗe, sai ga shi ya dunƙule bai warware ba.

"Ɗana, wanga wuri laka ta yi mai yawa," in ji shi. "In raɓa ta sauka ya daskare, wanda ya hwaɗi nan sai ya ji a ƙashinai. Mu tahi gaba."

Muka yi gaba kamar taku ɗari uku, zuwa inda gulbin ya yi gwiwa. Nan ya sake damƙa, yana buɗe hannu rairayin ya zube ta tsakanin yatsu kamar gero. Ya sa na kawo gorar ruwa, muka zuba rairayi rabi, muka cika da ruwa muka girgiza muka ajiye. Da ya kwanta, lakar da ta taru a sama ba ta kai kaurin farce ba. Ya ce nan ne.

Sai dai nan ɗin wurin cin abincin wasu ne. Daga wannan gwiwa masu amalanke suke ɗibar yashin da suke kai wa magina cikin gari. Da suka ga muna awo da igiya suka taru, fuska ba walwala. Ban ga laifinsu ba. Muka je gaban mai unguwa, aka kira shugabansu, aka zauna a kan tabarma. Na yi ta bayanin gasa da baƙi da sunan gari, ba wanda ya motsa. Baba ne ya warware ta da magana ɗaya: ya tambayi shugaban nawa magini yake sayen amalanken yashin shafe wanda aka riga aka tankaɗe, nawa kuma yake sayen wanda ba a tankaɗe ba. Shugaban ya yi murmushi. A nan aka ƙulla: za su bar mana wurin har a gama gasa, su taimaka da amalanke wajen kwashe shara, in an tashi kuma duk rairayin da muka tankaɗe nasu ne. Aka shafa fatiha.

Dokar wasan ta ce tsawon fili mita 35 zuwa 37, faɗinsa 26 zuwa 28, zurfin rairayi kuma kada ya gaza santimita 40, a tankaɗe shi har ya zama ba dutse ba ɓawo ba abin da zai yanki mutum. Muka ɗauki mafi ƙanƙanta, 35 da 26. Malamin lissafi da ke cikin fadarmu ya buga a takarda, ya ce in za mu tankaɗe har santimita 40, mita kubik 364 ke nan. Muka yi shiru. Baba ya ce mu tankaɗe taƙi ɗaya na sama sosai, na ƙasa kuma mu kafta shi da felu mu bi da manjagara har sau uku. Haka muka yi, kuma ina faɗa ne don kada wani ya ɗauka mun cika ƙa'ida gaba ɗaya. Rabin ma da muka tankaɗe ya kusa baro dubu uku.

Aikin ya ci mana sati biyar. Kafinta ya haɗa mana rariyar magina guda huɗu, katako da ragar waya, biyu masu manyan ido, biyu masu ƙanana. A jingina rariya a kan sanda, mutum biyu suna watsa rairayi da felu, mai kyau ya wuce baya, shara ta gangaro gaba, na uku ya kwashe. Mun raba filin gida-gida da igiya, in an gama gida ɗaya a mayar da rairayinsa a koma na gaba. Bayan sallar asuba muke sauka, lokacin hunturu ya kankama, hannu ya ƙage a kan ƙotar felu, ƙura ta shiga hanci da ido har sai mun naɗe fuska da rawani. Ƙarfe tara kowa ya tafi neman abincinsa, bayan la'asar a dawo. Satin farko mu goma sha ɗaya ne. Sati na biyu 'yan makarantar allo na kusa suka fara zuwa da izinin malaminsu, suna tsince leda. Sati na uku masu garka da ke gefen kwari suka ba mu aron baro biyu. Wani mai gyaran rediyo ya kawo maganaɗisun tsohuwar lasifika, muka ɗaura masa igiya yara suna ja a kan fili, da yamma a ɓamɓare ƙusoshi da guntayen waya da suka manne. Ranar farko abin da ya kamo ya cika gwangwanin madara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin Baba na ƙarshen kowace rana. Sai ya jera mu kafaɗa da kafaɗa, ba takalmi, mu taka gidan da aka gama a hankali muna jan ƙafa cikin rairayi har idon sawu. Wanda ya ji wani abu ya tsaya ya ɗaga hannu, a tona. In an sami abu uku a gida ɗaya, gobe a sake tankaɗe shi daga farko, ba roƙo ba magiya. Sau huɗu ya mayar da mu. Ƙanena yana zaune a gefe da ƙafa a naɗe, shi ke rubuta gidajen da suka wuce.

Sauran kayan ba su ba mu wahala haka ba. Wani Alhaji ɗan kasuwa da ya taso a unguwarmu ya biya kuɗin ƙarfe, mai walda ya haɗa raga biyu, faɗi mita 5.5, tsayi 2.2, muka shafa musu fenti ruwan ɗorawa. Layin fili ba a zana shi da farar ƙasa, ƙyalle ne mai faɗin santimita 10 ake shimfiɗawa. Tela ya yanka mana shuɗin tamfal ya ɗinke. Mun so mu kafe shi da turakun ƙarfe, Baba ya hana, ya ce wahalar sati biyar za mu mayar banza. Sai muka ɗaura kowace kusurwa a jikin buhu cike da rairayi muka binne. Tutoci goma ne, shida ja na kusurwoyi da tsakiya, huɗu ruwan ɗorawa da ke nuna mita 9 daga raga, inda gidan mai tsaron gida ya ƙare. A kan tiyon roba muka ɗaura su. Ƙwallon wasan kuwa daban yake da namu, ya fi laushi, iskarsa ba ta kai ta wancan ba, don kada ya fasa wa mutum yatsu. Wani direban babbar mota ɗan uwanmu ya sayo mana uku a Legas.

Koyon wasan kansa wani aiki ne. Da na ce wa yarana kashi uku ake yi, kowane minti 12, da hutun minti uku a tsakani, suka ga abin kamar wasan yara. Ranar farko ba wanda ya yi minti uku bai nemi canji ba. Rairayi yana shanye ƙarfin ƙafa, kowane taku sai ka ciro ta kamar daga cikin taɓo. Shi ya sa mutum biyar ne a fili amma canji ba shi da iyaka, ana fita ana shiga wasa yana tafiya. Babbar matsalarmu ita ce sabo. Ɗan wasan tsandauri a ƙasa yake ba da ƙwallo, nan kuwa in ka tura shi ƙasa sai ya faɗa sawun wani ya tsaya, ko ya yi tsalle ya bi wata hanya. Dole ka sa yatsu ƙarƙashinsa ka ɗaga, ka ba ɗan uwanka a sama, shi ma ya tare da cinya ko ƙirji ya buga kafin ya sauka. Sati biyu ban bar su sun buga raga ba, ɗagawa da tarewa kawai. Mai tsaron gida kuma ya zama shi ne mai rabon ƙwallo, jifansa ɗaya yana kaiwa bakin ragar abokan karawa, ga shi ba satar gida a wasan. Sanyi ya tsattsaga wa da yawa diddige, faso yana buɗewa yana jini, sai Inna ta haɗo mu da kwanon man kaɗe, kowa ya shafa da dare ya sa safa ya kwana.

Takardu ne suka kusa karya mini gwiwa. Taron jama'a yana son izini, kawo baƙi daga wata ƙasa yana son wani izinin, kuma tun da Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, a Janairun 2025 ba mai wasa da maganar takarda a bakin iyaka. Na rubuta wasiƙu, na haɗa da sunayen 'yan wasan kowace ƙungiya, da hotunansu, da kwafin katin shaidarsu, da sunan unguwar da kowa zai kwana. Yawancin wuraren an karɓe ni da mutunci. Wani ofishi ɗaya ne na yi wa sawu biyar. Na farko aka ce mai sa hannu ya yi tafiya, na biyu aka ce in dawo Litinin, na uku aka ce ba a ga wasiƙata ba sam. Na tsaya a bakin tebur na ce, "Ranka ya daɗe, da hannuna na miƙa ta nan." Ya ce ina shaida. Ba ni da ita. Na sake bugawa, wannan karon kwafi biyu, na roƙa aka buga mini hatimi da kwanan wata a kan ɗaya na riƙe. Duk mai niyyar irin wannan aiki ya riƙe wannan: kada ka bar takarda a ko'ina ba ka fito da kwafi mai hatimi ba. Kuma ka fara da wata biyu, kada ka yi irin tawa ta sati uku.

Mun sa ranar cikin Janairu, bayan an gama kokowar takobi, don lokacin kokowa ba mai sauraron wata magana a garin nan, kuma kafin azumi ya kama. Ranar Alhamis na tafi Ɗan Isa tun da safe in tarbe su. Mun yi da su su taso da rana su iso da rana, saboda halin da hanya take ciki. 'Yan Jibiya suka wuce lafiya, su goma cif. 'Yan Katsina aka tsayar da biyu daga cikinsu, yara ne da ba su kai shekara 18 ba, ba katin shaida, ba takardar iyaye. Jami'an sun yi aikinsu, kuskuren namu ne da ba mu tantance tun farko ba. Na ga ɗayan ya juya baya yana share ido da hannun riga, jakarsa a kafaɗa. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Katsina da mutum takwas ta buga gasar.

Masauki bai zama matsala ba. Mun tanadi ɗakuna, amma kafin magariba rabin baƙin sun watse cikin gari, wannan gidan gwaggonsa a Bagalam, wancan gidan abokin cinikin babansa a Sabon Gari. Ba abin mamaki ba ne, Katsinawan da suka baro Katsina bayan jihadi su suka kafa sarautar Maradi, har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkinmu. Da dare muka tara kyaftin-kyaftin da alƙalan wasa a zauren mai unguwa. Alƙalinmu da Faransanci ya karanta dokoki, nasu da Ingilishi, sai muka ajiye takardun muka bi su ɗaya bayan ɗaya da Hausa. Mu mu ce arbit su ce rafali, mu ce balo su ce bal, amma ba a kai ko'ina ba kowa ya gane. Mun daɗe a kan abu biyu. Na ɗaya, ba a tashi canjaras: in an yi kunnen doki a ƙara minti uku, in ba a rabu ba a je fenariti. Wanda ya ci cikin lokaci maki 3, a ƙarin lokaci maki 2, a fenariti maki 1. Na biyu, bugun tazara ba a yi masa katanga, kuma wanda aka yi wa ƙeta shi zai buga da kansa, sai fa in ya ji rauni. Kyaftin ɗin Jibiya ya ce, "Malam, ke nan duk ƙeta rabin ci ce." Na ce haka ne.

Wasa biyu muke yi a rana, ɗaya da hantsi kafin rairayi ya ɗauki zafi, ɗaya bayan la'asar. Ranar Juma'a da safe 'yan kallo ba su fi ɗari ba. Da yamma, bayan labari ya zaga masallatai, gaɓar gulbi ta cika, masu amalanke suka jera amalankensu mutane suka hau, mata masu fura da masu ƙosai suka kafa kasuwa a gindin mangwaro. An ɗan yi hayaniya a wasan Tibiri da Katsina, da alƙali ya kore 'yan Tibiri daga gaban ƙwallo lokacin bugun tazara. 'Yan kallo suka ɗauka son kai ne, har wasu suka fara sauka fili da takalmi. Baba ya miƙe da sandarsa ya tsaya a bakin layi, ya ce duk mai son faɗa ya tuɓe takalminsa tukuna. Kafin su gama kwancewa mai shela ya bayyana dokar ta lasifika, aka koma aka zauna.

Mun ci Tibiri cikin lokaci, muka ci Katsina da ƙyar da fenariti, maki 4. Jibiya ta ci Katsina, ta ci Tibiri a ƙarin lokaci, maki 5. Wasanmu da su na yammacin Lahadi shi zai raba gardama.

'Yan Jibiya sun fi mu sanin rairayi, wannan a fili yake. Ba sa gudu da ƙwallo, taɓawa biyu sun rabu da shi. Kashi na farko suka zura mana biyu, muka rama ɗaya. Kashi na biyu aka tashi 3 da 3. A kashi na uku suka ƙara, saura minti huɗu na sa ƙanena, wanda sati biyu kacal ya yi da komawa atisaye, tabon ɗinkin ma bai gama baƙi ba. Mai tsaron gidanmu ya ɗauki ƙwallo ya wurga tun daga gidansa. Ƙanena yana tsaye ya ba raga baya, mai tsaron baya manne da shi. Ya tare da ƙirji, ƙwallon ya tashi sama kaɗan, ya kwanta a iska ya yi masa bugun alkafura da ƙafar nan da aka ɗinke. Na ga rairayi ya tashi, na ga raga ta motsa, shi kuma ya faɗo da bayansa gaba ɗaya a kan gidan da Baba ya sa muka sake tankaɗewa sau biyu. Ya miƙe ba ko ƙwarzane. Ihun da aka yi, masu garka sun ce har can cikin lambunansu suka ji. Ni ban yi ihu ba, wajen Inna na duba, tana tsaye cikin mata ta rufe baki da mayafi.

Saura daƙiƙa arba'in ɗan bayanmu ya gaji, ya kai hannu ya ja rigar ɗan gabansu. Usur. Yaron ya tashi ya kakkaɓe jiki, ya tara ɗan tudun rairayi da ƙafa kamar yadda doka ta yarda, ya ɗora ƙwallo a kai. Ba katanga, daga shi sai mai tsaron gidanmu. Ya buga ƙasa-ƙasa, ƙwallon ya dira a wani sawu taku biyu gaban raga, ya canza hanya ya shige ta ƙarƙashin hammata. 5 da 4. Ɗan bayan namu ya durƙusa ya kifa kai a rairayi, kyaftin ɗin Jibiya ne ya fara zuwa ya ɗaga shi.

Mai unguwa ya miƙa musu kofi. Cikin ƙwallaye ukun nan muka ba Jibiya ɗaya, Katsina ɗaya, muka riƙe ɗaya mu da Tibiri. Kyaftin ɗin Katsina ya roƙi Baba ya faɗa masa girman idon rariya da yadda ake gwajin gora, ya rubuta a bayan takardar izininsa. Ya ce baɗi su ne masu masauki, kuma yaran nan biyu su za su fara shiga fili. Litinin da safe na raka su har Ɗan Isa.

Da na dawo na zarce kwari. Yara sun riga sun tone buhunan, sun naɗe layin tamfal, ragunan ƙarfe suna kan amalanke za a kai su zauren kawuna. Shugaban masu amalanke yana tsaye a tsakiyar fili da felu a hannu, jakuna goma sha biyu a jere a bayansa. Ya ce, "Malam, mu fara?" Na ce bismilla. Ya soka felu a daidai inda aka yi bugun tazarar jiya, ya watsa cikin amalanke. Baba yana gefe yana nuna wa ƙanena wata gwiwar gulbin can gaba, wajen hanyar Tibiri, yana cewa in ruwan bana ya janye a fara duba can, kuma a ajiye rariyoyin inda gara ba za ta ci katakon ba.